Star Trek (shirin talabijin na 1966)

Star Trek shiri ne mai dogon zango na almarar kimiyya wanda gidan talabijin na NBC a Amurka ya fara nunawa ranar 8 ga Satumba, 1966. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙire shi, kamfanin Desilu na jaruma Lucille Ball ya ɗauki nauyin shirya shi. Zango uku kacal ya yi, kashi 79, aka dakatar da shi a watan Yunin 1969 saboda ƙarancin masu kallo. Sunan da ya yi, bayan dakatarwar ya yi shi. Jaruman da suka fito a cikinsa kuwa da sunayen da aka ba su a shirin duniya ta ci gaba da kiransu har tsufa ya cim musu.

Asali

Roddenberry ya tuƙa jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi aikin ɗan sanda a Los Angeles, sannan ya koma rubuta wasannin talabijin. Labarinsa na wani kumbo ne mai suna Enterprise da aka tura aikin shekara biyar cikin sararin samaniya, wajajen ƙarni na 23, domin neman sababbin duniyoyi da halittun da ke cikinsu. NBC ta ƙi karɓar gwajin farko da aka kammala a farkon 1965, ana cewa don ta ga ya fi ƙarfin tunanin mai kallo. Sai ta ba da damar a sake wani, abin da ba kasafai ake yi ba. A gwaji na biyun ne William Shatner ya shigo a matsayin Kyaftin Kirk.

Ma'aikatan kumbon

Abin da ya bambanta shirin da takwarorinsa shi ne mutanen da aka zaunar a ɗakin tuƙi. A lokacin Amurka na tsakiyar gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, ga yaƙin Biyetnam, ga yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyat. A cikin wannan hali aka ɗauko George Takei, Ba'amurke ɗan asalin Japan, aka ba shi matuƙin kumbo, Sulu. Takei yana yaro gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansanonin Rohwer da Tule Lake, kamar yadda ta yi wa dubban 'yan asalin Japan lokacin yaƙi. A zango na biyu aka ƙaro Walter Koenig a matsayin Chekov, matashin Barashe, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da Amurkawa. DeForest Kelley ne likita McCoy, James Doohan kuma injiniya Scotty.

Leonard Nimoy ya fito a matsayin Spock, mai tsinin kunne, uwarsa mutum ce, ubansa ɗan duniyar Vulcan. Gaisuwar nan da aka san shi da ita, wadda ake ɗaga hannu a ware yatsu biyu gefe guda, biyu ɗaya gefen, Nimoy ya ce ya ɗauko ta ne daga yadda ya ga ana sa albarka a wurin ibadar Yahudawa yana ƙarami a Boston.

Uhura

Nichelle Nichols ce Laftanar Uhura, jami'ar sadarwa. An samo sunan daga kalmar Suwahili uhuru, wato 'yanci, har akwai inda aka ji ta tana Suwahili a shirin. A wancan zamani, baƙar mace a talabijin ɗin Amurka yawanci 'yar aikin gida ce. Ita kuwa tana zaune cikin kaki, da na'ura maƙale a kunnenta, duk saƙon da zai shiga ko ya fita daga kumbon sai ta hannunta.

Bayan zango na farko ta yanke shawarar barin shirin ta koma wasan dandamali. Kamar yadda ta sha ba da labari, a wani taro ta haɗu da Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, ya ce mata kada ta kuskura ta tafi, domin a karon farko ana ganin baƙar fata a allo yadda ya kamata a gan su. Ta fasa. Wannan shawara ta yi rana: a 1977 hukumar NASA ta ɗauke ta ta zagaya ƙasar tana jan hankalin mata da baƙaƙe su nemi aikin 'yan sama jannati. Rukunin da aka ɗauka a 1978 ya haɗa da Sally Ride, mace ta farko 'yar Amurka da ta je sararin samaniya, da Guion Bluford, baƙar fatar Amurka na farko da ya je can. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce ganin Uhura ne ya sa mata sha'awar.

Sumbar da Kirk da Uhura suka yi a kashin da aka nuna a Nuwamban 1968 ana yawan cewa ita ce ta farko tsakanin fari da baƙa a talabijin ɗin Amurka. Masana tarihin talabijin suna da ja a kan hakan.

Bayan dakatarwa

Tun a 1968 masoya shirin suka yi ta aika wasiƙu NBC, ana kuma danganta samun zango na uku da wannan matsin lamba. Da aka dakatar da shi, sai ƙananan tashoshi suka saye shi suna maimaitawa kullum, yara da ɗalibai suka haddace shi. A Janairun 1972 aka yi babban taron masoya a New York, mutum kusan dubu uku suka hallara, ninkin-ba-ninkin abin da aka zata. A 1976, bayan wata guguwar wasiƙu, Shugaba Gerald Ford ya sa aka raɗa wa kumbon gwaji na farko a shirin Space Shuttle na NASA suna Enterprise, aka gayyato jaruman wajen bikin fito da shi. Samfurin kumbon da aka ɗauki shirin da shi, mai tsawon ƙafa 11, yana gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washinton.

Tsakanin 1979 da 1991 tsofaffin jaruman sun yi finafinai shida. Masanin harshe Marc Okrand ya gina wa ƙabilar Klingon, wasu halittun wata duniya a cikin shirin, harshe mai nahawu da ƙamus. Sababbin shirye-shirye da wasu jarumai sun biyo baya tun daga 1987.

Tsufa da rasuwa

Ɗaukakar ba ta zo musu da sauƙi ba. Da yawansu sun rasa wani aikin kirki a shekarun 1970, domin masu shirya fim ba sa ganin kowa a fuskarsu sai ma'aikacin Enterprise. Nimoy ya rubuta littafi a 1975 yana raba kansa da Spock, bayan shekara ashirin ya rubuta wani yana rungumarsa. Akwai daɗaɗɗiyar rashin jituwa tsakanin Shatner da Takei, kowa da nasa bayanin.

Roddenberry ya rasu a 1991, Kelley a 1999. Doohan, wanda ya rasa yatsa ɗaya ranar da dakarun ƙawance suka sauka a gaɓar Normandy a 1944, ya rasu a 2005. Nimoy ya rasu a Fabrairun 2015 yana da shekara 83, sakamakon ciwon huhu da shi da bakinsa ya ɗora wa taba, ya kuma yi ta roƙon mutane su daina sha. Nichols ta yi fama da cutar mantuwa a ƙarshen rayuwarta, aka kai ruwa rana a kotu kan wanda zai kula da ita, ta rasu ranar 30 ga Yuli, 2022, tana da shekara 89. Daga nan uku suka rage cikin manyan bakwai: Shatner, Koenig da Takei.

Ranar 13 ga Oktoba, 2021, Shatner, yana da shekara 90, ya shiga kumbon kamfanin Blue Origin daga yammacin Texas, ya haura kilomita 100, ya dawo cikin minti goma da 'yan kai. A lokacin babu wanda ya kai shi shekaru cikin waɗanda suka taɓa zuwa can. Ya sauko yana hawaye. Daga baya ya rubuta cewa ya tafi yana sa ran farin ciki, amma da ya kalli duhun sama ya juyo ya kalli duniya, baƙin ciki ne ya rufe shi, kamar wanda yake wurin jana'iza.