Waiwaye: Na'urar hangen zafi da farauta a arewacin Kamaru

Na'urar hangen zafi, wadda ake ɗaura wa bindiga ko a riƙe a hannu, ba ta buƙatar haske ko kaɗan, domin ɗumin da jikin dabba yake fitarwa take kamawa, ta zana shi a ɗan ƙaramin allo. Tushenta yana komawa ne zuwa 1800, lokacin da William Herschel a Ingila ya rarraba hasken rana zuwa launuka da gilashi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan launi, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin wurin ya fi na ko'ina. Wajen 1880 Samuel Langley na Amurka ya ƙera wani ma'auni wanda, bayan an kyautata shi, yakan ji ɗumin saniya daga nisan kusan mita 400. Daga baya aikin ya koma hannun soja, kamfanin Texas Instruments ya ƙera irin ta jiragen sama a 1963, amma na'urorin wancan zamani sai an sanyaya cikinsu ƙwarai suke aiki, ga nauyi ga tsada. Sai da Amurka ta saki fasahar kamfanin Honeywell marar buƙatar sanyi a 1992 sannan na'urar ta ƙanƙance har ta kai hannun farar hula.

Maharban yankinmu sun daɗe da sanin farautar dare da fitilar goshi, wadda ke sa idon gada ko barewa ya yi ƙyalli, dabbar ta tsaya cak. Wannan ce dabarar da dokar gandun daji ta 1994 ta haramta, ta hana farautar dare, ta kuma ambaci fitilar mota da ta goshi. Ke nan sa'o'in da na'urar ta fi ƙarfi su ne waɗanda aka hana harbi a cikinsu, ko da a yankunan farauta na haya da ke kewaye da gandayen Binuwai, Faro da Buba Njida.

Yanayin ƙasar ma bai cika yi mata daɗi ba. Bambancin zafi ne na'urar take gani, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, wato ya zarce na jikin dabba. Duwatsu da suri da ƙasar da gobarar daji ta baƙanta sukan riƙe zafin rana har bayan magariba, su yi fari fat a allon, ta yadda mai dubawa zai iya kafa wa dutse ido yana zaton gadu ne a kwance. Ruwan sama da hazo suna rage mata nisa, ba ta keta ciyawa mai duhu, ba ta ma gani ta gilashin mota.

Babbar matsalar ita ce tana nuna akwai abu mai rai, amma ba ta faɗin ko mene ne. Ƙaho bai cika ɗumi ba, don haka daga nesa da wuya a tantance namijin gwamki da tamata, ko ɓauna da bijimi, a dajin da garkunan Fulani suke ratsawa kowane rani, makiyayi yana biye.

Inda take da amfani na gaskiya shi ne neman dabbar da aka harba ta shige kurmi da rauni ana dab da duhu, musamman ɓauna, wadda takan laɓe ta jira mai bin sawunta. A ganina kuma ta fi cancanta a hannun masu gadin daji, irin waɗanda makarantar namun daji ta Garwa take horarwa tun 1970. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da bindigogin yaƙi sun kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida, a gandun Zakuma na Cadi kuwa giwaye sun ragu daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kusan 450 a 2010. Ayarin dawakai da tokar murhun da ba ta huce ba suna fitowa sarai a allon da asuba, lokacin da ƙasa ta yi sanyi.