Waiwaye: Yadda kalmar "clumsy" ta tashi daga sanyi ta koma zargi

Muhawarar da ake yi a Birtaniya kan ko ya dace a riƙa kiran yaro "clumsy", kalmar Turanci da ke nufin wanda ba ya iya sarrafa gaɓoɓinsa da kyau, saboda yana yawan tuntuɓe, ko zubar da shayi, ko kasa ɗaure igiyar takalmi, ta girmi yawancin masu yin ta a yau. Wasu iyaye na ganin kalmar tana jingina wa yaro laifin sakaci, wasu kuma na cewa kalma ce ta yau da kullum da ba ta cutar da kowa.

Ɓangaren likitanci sananne ne. A 1975 likita Sasson Gubbay ya wallafa littafi a kan irin waɗannan yara da wannan kalma a sunansa, a 1994 kuma masana suka hallara a birnin Landan na ƙasar Kanada, suka amince da wani suna da ke nufin matsalar daidaita motsin jiki, wadda ake ƙiyasin tana shafar kusan yara 5 zuwa 6 cikin 100 na 'yan makaranta.

Abin da ba a cika kula da shi ba ya faru ne wajen shekarar 1600. A Turancin ƙarni na 14, kalmar da ta haifi wannan tana nufin gaɓa ta sanƙare saboda sanyi, kuma masana harshe suna danganta ta da harsunan Sikandinebiya, wato yankin arewacin Turai. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɓalla maɓallin riga da asubar hunturu, yatsunsa sun ƙandare sun ƙi lanƙwasuwa, ya san halin da ake nufi, ya kuma san ba a zagin mai irin wannan hannu, wuta ake kai shi ya ji ɗumi. Marubucin wasan kwaikwayo John Marston ya siffanta hunturu kansa da kalmar "clumsy", wato lokacin da ke sanƙarar da jiki, har takwaransa Ben Jonson ya yi mata ba'a a wani wasansa na 1601 a matsayin baƙuwar kalma mai nauyin furtawa. Daga wannan zamani sanyin ya fara zamewa daga ma'anarta, aka bar wa mutum sanƙarewar kawai, kamar ita ce ɗabi'arsa. Abin da yanayi ya jawo wa jiki sai ya koma aibin mai jikin.

A ganina a nan ne matsalar ta samo tushe, domin da likitocin ƙarni na 20 suka ɗauki kalmar, sun ɗauke ta ne da zargin da ta shafe shekaru fiye da 300 tana tarawa. Shi ya sa canza suna a asibiti bai hana a tsawata wa yaron da fensir ke suɓuce wa daga hannu ba, kuma iyayen irin waɗannan yara har gobe suna neman a daina kallon lamarin a matsayin ganganci.