Sunan Yanka da Suna Gama-gari a Nahawun Turanci: Kalmomin Dangi

A nahawun Turanci, suna gama-gari shi ne wanda kowane ɗaya daga cikin jinsin abu zai iya amsawa, kamar *city* ko *teacher*. Sunan yanka kuwa na wani mutum ne ko wuri takamaimai, kamar *London* ko *Mary*. A rubuce, baƙin farko ne ke raba su: sunan yanka da babban baƙi yake farawa ko'ina ya faɗo a jimla, gama-gari kuwa sai in shi ya buɗe ta. Wannan tsari bai daɗe sosai ba. A ƙarni na 17 da na 18 masu buga littattafai a Ingila sukan sa babban baƙi a sunaye gama-gari da yawa, kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ma haka aka rubuta shi. Jamusanci har yau bai bar wannan al'ada ba.

Kalmomin dangi, irin su *mother*, *father*, *aunt*, *uncle* da *grandmother*, nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, domin kalma ɗaya takan shiga kowane ɓangare gwargwadon aikin da take yi. Idan ta bayyana dangantaka kawai, gama-gari ce: *My mother is a nurse*, ko *She visited an uncle*. Alamar da ta fi saurin tona hakan ita ce kalmar da ta zo kafinta, wato kalmar mallaka irin su *my*, *his* da *our*, ko *a*, *an* da *the*. Idan kuwa kalmar ta maye gurbin sunan mutumin, kamar yadda yaro ke kiran mahaifiyarsa ba tare da ya ambaci sunanta ba, ta zama sunan yanka: *Mother, the phone is ringing*, ko *I told Dad yesterday*.

Malamai sukan koyar da wata dabara mai sauƙi. A cire kalmar a sa sunan mutum a wurinta. *I told John yesterday* ta zauna daidai, don haka *Dad* na buƙatar babban baƙi. *My John is a nurse* kuwa ba yadda ake faɗa ba ne a maganar yau da kullum, don haka *mother* a can ƙaramin baƙi ne nata. Ƙa'idar ba ta canzawa tsakanin *Mum* ta Birtaniya da *Mom* ta Amurka.

Idan kalmar dangi ta haɗu da suna ta zama laƙabi, duka biyun sukan ɗauki babban baƙi: *Uncle Peter*, *Aunt Rose*. Inda aka sha bamban shi ne in kalmar mallaka ta shigo gaba. Wasu na rubuta *my aunt Rose*, wasu *my Aunt Rose*, kuma duka biyun ana ganinsu a littattafai. Abin da ya fi dacewa shi ne marubuci ya zaɓi ɗaya ya riƙe shi har ƙarshen rubutunsa.

Akwai kuma wuraren da kalmar ta bar gida gaba ɗaya ta zama ɓangaren suna na dindindin: *Mother's Day* da *Father's Day*, *Uncle Sam* da ake yi wa gwamnatin Amurka laƙabi da shi, da *Father* da *Sister* a gaban sunan limami ko 'yar zuhudu a cocin Katolika.