PCM ko Bitstream: Wanne Za a Zaɓa Don Jin Waƙa a Gida?

Makon jiya wani maƙwabcina a Unguwar Rogo ya sayo amfilifaya da lasifika biyu a Terminus, ya haɗa su da talabijin ta wayar optical. Da ya kunna, sai wani ƙara kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Har ya fara mayar da kayan cikin kwali zai kai wa mai shago, na ce, "Alhaji, dakata, miƙo min rimot ɗin." Ga abin da ya tambaye ni, da wasu tambayoyin da nake yawan sha.

Mene ne PCM da Bitstream ɗin nan da nake gani a saitin sauti?

Idan ka zaɓi PCM, talabijin ce ke warware sautin da kanta, ta turo shi a buɗe, hagu da dama. Bitstream kuwa (wasu talabijin Auto ko Dolby Digital suke rubutawa) a ƙunshe take turo shi, sai na'urar da ta karɓa ta kwance. Kamar a aiko maka da tuwo a tuƙe ne, ko a aiko maka da gari ka tuƙa da kanka. Amfilifayar Alhaji ba ta iya tuƙin Dolby ba, shi ya sa ta yi ta hayaniya. Muna mayar da shi PCM, sai ga kalangu ya fito tangaran.

To don waƙa wanne ya fi?

PCM, ba ni da wani kokwanto a nan. Kusan duk waƙoƙin da muke ji a YouTube, Audiomack ko Boomplay tashoshi biyu aka naɗe su, wato hagu da dama. Bitstream na mai kallon fim ne da ke da lasifika biyar da babbar mai duma, wato 5.1.

Optical ko HDMI?

Wayar optical, wadda Toshiba ya fito da ita a 1983, da haske take aiki. In ka leƙa bakinta za ka ga jan haske. Ba ta ɗaukar wutar lantarki, don haka gurnanin nan da kan shiga lasifika ta hanyar wayoyi, musamman idan an tada janareta, ba ya bin ta. Wannan babban abu ne a gare mu. Sai dai a cire ɗan murfin robar da ke bakinta kafin a soka, kuma kar a lanƙwashe ta sosai.

HDMI ARC, wato hanyar da talabijin ke tura sauti zuwa amfilifaya ta wayar HDMI, ta zo a 2009, sabon samfurinta eARC kuma a 2017. Daɗinsu shi ne rimot ɗaya ya isa ƙara sauti da ragewa. eARC ce ke iya ɗaukar manyan sautukan fim irin su Dolby TrueHD. Ga waƙa mai tashoshi biyu, kunnenka ba zai raba su da optical ba.

A kwamfuta na ga 192 kHz. In zaɓi mafi girma?

Babu buƙata. Wannan lambar tana nuna sau dubu nawa ake auna sautin a daƙiƙa ɗaya, "bit" kuma yana nuna zurfin kowane awo. Faifan CD tun 1982 yake kan 44.1 kHz da 16-bit, kuma wannan ya rufe duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, wanda bai wuce 20 kHz ba, har ma yana raguwa da shekaru. Saka 44.1 ko 48 kHz da 24-bit ka huta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga mutum ya kashe kuɗi a kan kaya masu kyau, sannan yana kunna MP3 mai 128 kbps da aka yi ta yawo da ita ta Xender. Ɗaga lamba ba ya dawo da abin da aka riga aka yanke daga fayil ɗin. Nemi kwafi mai kyau tukuna.

Bluetooth fa?

Yana matse sauti kafin ya tura. Tsarin matsewar iri-iri ne: iPhone da AAC take aiki, wayoyin Android da yawa kuma suna da LDAC na Sony, amma dole lasifikar ma ta san shi, in ba haka ba su koma wani tsarin da suka haɗu a kai, galibi SBC.