Me ake nufi da «shirin ko-ta-kwana» a asibiti?

Duk mai sauraron rediyo ya san kalmar. Idan salla ta matso, a ce an sa jami'an tsaro cikin shirin ko-ta-kwana. Idan damina ta kankama, a ce mazauna bakin Gulbi su zauna cikin shirin ko-ta-kwana. Ma'anarta a bakin kowa ita ce mutum ya kwana da shirinsa a hannu, domin abin da ake gudu ba ya sallama kafin ya shigo. Amma a asibiti, ko likita kamar yadda muke cewa a nan Maraɗi, kalmar tana da ma'ana mai tsauri fiye da haka. Ni ban gane ta sosai ba sai wani dare cikin watan Afrilu, da na taya ƙanwata jinyar ɗanta a wani asibiti.

Yaron watansa bakwai, ciwon huhu ya kama shi. An sa masa siririyar roba a hanci, na'urar da ke tace oksijin daga iskar ɗaki tana gurnani a gefen gado. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Fanka ta tsaya, na'urar ta yi ƴar ƙara ta yi shiru. Da farko ba wanda ya firgita, don kowa ya ga gurup, wato injin ba da wuta, a bayan ɗakin, da sabon fentinsa. Muna ji maigadi ya murɗa makulli, ƙyat, ƙyat, shiru. Batiri ya mutu. Ma'aikaciyar da ke gadin dare ta cije wayarta a baki tana haskawa, ta gyara wa yaron kwanciya, sannan ta cire wayar ta ce da ƙanwata, «Maman yaro, ɗaga shi ki jingina shi a ƙirjinki.» Ta juyo wajena: «Malam, don Allah taya ni mu mirgino tukunyar can.» Muka mirgino tukunyar oksijin daga lungu, cike take dam. Sai dai kan da ake ɗaura mata, mai agogo, wanda ke rage ƙarfin iskar har jariri ya iya shaƙa, yana cikin kabad a kulle, makullin kuma yana aljihun wanda ya tashi aiki tun la'asar. Da batirin motar ɗaukar marasa lafiya aka tada gurup a ƙarshe. Yaron ya rayu, alhamdulillahi, amma na ga yadda leɓensa ya canza launi, kuma har yau ban manta ba.

Asibitin nan yana da gurup, yana da gazuwal, yana da oksijin. Ko-ta-kwana ce babu. Ga ma'anarta a wajen masu kula da ginin asibiti: a san duk abin da rayuwar majinyaci ta rataya a kansa a cikin ginin, a san ta inda kowanne zai iya lalacewa, a san minti nawa ake da shi kafin lalacewar ta taɓa rai, a tanadi abin da zai maye gurbinsa, a ɗora wa mutum sananne nauyinsa, sannan a gwada shirin tun ana zaune lafiya. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne ke raba ko-ta-kwana da ajiyar kaya.

Idan aka ce asibiti, hankalinmu kan tafi ga likitoci da magani. Amma ginin da kansa yana da jijiyoyi: wuta, ruwa, oksijin, sanyin da ke riƙe jini da allurar rigakafi, magudanar ƙazanta, da ƙofar da za a bi a fita idan gobara ta tashi. Kuma a sarƙe suke. Kuran ya tafi, injin foraj ya tsaya, shato, wato tankin ruwa na sama, ya fara sauka. Shato ya ƙare, tukunyar dafa kayan tiyata ba ta da ruwa, ungozoma ba ta da inda za ta wanke hannu. Babu dafaffen almakashi, sai a rufe blok, wato ɗakin tiyata, sai a ce wa matar da haihuwa ta gardama a kai ta wani wuri. Wanda ya ga an tura ta zai ce likita ne babu, alhali wayar wuta ce ta tsinke tun jiya.

Shi ya sa ba a daidaita su wajen shiri. Tambayoyi biyu ake yi wa kowane abu: sau nawa yake iya tsayawa, kuma idan ya tsaya me zai ci? Kwan fitilar ofis yana ƙonewa kullum, ba ya cin komai. Na'urar oksijin kuwa da an ɗauke wuta take tsayawa nan take, ba ta da ajiya a cikinta, jaririn da ke kanta mintoci yake da su. Firigon jini, wanda ake so ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 6, da na allurar rigakafi, tsakanin 2 zuwa 8, suna ba da ƴan awoyi idan ba a yi ta buɗe su ba. Shato yana iya kai mutane gobe. To, abin da ya fi gajeren lokaci shi ake fara karewa. Asibitin da ya san aikinsa yakan ware layin wuta dabam domin blok, ɗakin haihuwa, ɗakin jarirai, ɗakin gwaji da firigo, yadda idan gurup ya tashi su zai fara ɗauka, ba na'urorin sanyaya ofisoshi ba.

Akwai kuma abin da masu wannan aiki suka fi tsoro: wurin da komai ya rataya a igiya ɗaya. Mu mutanen Maraɗi mun ga wannan da idonmu. Wutarmu da ta Damagaram ta daɗe tana zuwa ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma ba ta maido ba sai Maris na 2024. Gurup da aka saya domin ya riƙe awa ɗaya ko biyu ya koma yin aikin yini. Ba mu kaɗai ba ne: rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da abokan aikinta a Janairun 2023 ya ce kusan mutum biliyan 1 ne ke zuwa wuraren jinyar da ba su da wuta ko kuma wutarsu ba abin dogaro ba ce. Sai dai igiya ɗaya ba lallai ta zama layin da ya ƙetaro iyaka ba. Makulli guda a aljihun mutum guda ma igiya ɗaya ce. Haka injin ruwa guda, haka ma'aikacin wuta guda da wayarsa ke kashe da dare.

Bari in tsaya a kan gurup, don a nan ne aka fi ruɗin kai. Wani dattijo da ya tsufa a gyaran injuna ya taɓa ce mini, «Ɗana, inji ba ya mutuwa ranar da ya ƙi tashi, tun tuni ya mutu, ranar ce kawai aka je gaishe shi.» Ya nuna mini abubuwan da yake dubawa, kuma ba wani abu mai wuya a ciki. Batiri na farko. Zafi yana cin batiri: duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana rage rabin kwanansa, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40, balle cikin ɗakin kwano. Sai matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa har inji ya riƙa shaƙewa yana baƙin hayaƙi. Sai ruwan da ke sanyaya shi, da baƙin mai, wanda ake canzawa bisa awoyin da ya yi aiki, ba bisa ranar da aka tuna ba. Sai gazuwal, wanda idan ya daɗe a tanki yakan tara ruwa da dauɗa a ƙasa, kuma ba a tambayar «akwai mai?», ana tambayar «na awa nawa ne?» Sai akwatin da ke juya wuta daga layin kamfanin wuta na Nijelek zuwa gurup, domin inji yana iya tashi yana ruri alhali wutarsa ba ta shiga gini ba.

Gwajin ma yana da yadda ake yinsa. Tada inji minti biyar ba tare da an ɗora masa komai ba, a ji ƙararsa a kashe, ba gwaji ba ne. Sai an yanke layin gari da gangan, an bar shi ya ɗauki nauyin asibitin, a ga ko zai jure. A Amurka ƙa'idar da asibitoci ke bi ta ce wutar ko-ta-kwana ta shigo cikin daƙiƙa 10, kuma a gwada gurup da nauyi a kansa na minti 30 kowane wata. Ba kowane asibitinmu ne zai kai daƙiƙa 10 ba, amma gwajin wata-wata ba ya bukatar komai sai ƴan litocin gazuwal da littafin da za a rubuta rana, awa, abin da aka gani da sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ko da gurup lafiyayye, tsakanin ɗaukewar kuran da tashinsa akwai giɓi, wanda ake cike shi da batirin da ke karɓar aiki nan take, da tukunyar oksijin da aka riga aka ɗaura mata kai, da tocila mai caji a bango.

Wani lokaci kuma wutar da ake roƙon ta zo ita ce ke kisa. A daren 25 ga Mayu 2022 gobara ta tashi a ɗakin jarirai na asibitin Tivawan a Senegal, jarirai 11 suka rasu, hukumomi suka ce haɗuwar wayoyin lantarki ce. A Afrilun 2021 tukwanen oksijin sun fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, mutum 82 suka mutu. Oksijin ba ya ci da kansa, amma inda ya yi yawa zanen gado da katifa suna kamawa kamar an zuba musu fetur, shi ya sa ba a taɓa bakin tukunyarsa da hannu mai maiƙo. Duk wanda ya yi jinya ya ga soket guda ɗauke da caja bakwai da butar dafa ruwa, waya ta yi zafi har tana wari. Mu ƴan jinya ne ke yin wannan, kuma hana mu da ma'aikaci zai yi ba wulaƙanci ba ne. Ƙofar baya da aka garƙame da kwaɗo saboda ɓarayi, da abin kashe gobarar da ba wanda ya san yadda ake zare ƙusarsa, duk suna cikin wannan lissafi.

Hasken rana ya kawo sauƙi ƙwarai, musamman a ƙananan asibitocin ƙauye, inda firigon rigakafi mai aiki da pano, wato faifan hasken rana, kai tsaye yake tara sanyi cikin ƙanƙara ya kwana da shi ba tare da batiri ba. Amma pano ma yana son a share masa ƙura, batiri yana da shekarun da zai yi, kuma ranar da aka kafa shi ya kamata a san inda kuɗin sabo zai fito. Damina ma tana da nata. Ruwan da ya yi ɓarna a garin nan a ƙarshen Agustan 2024 ya isa ya sa kowane shugaban asibiti ya je ya duba tsayin dakalin da gurup da akwatin wutarsa suke kai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke daraja sayen sabo fiye da riƙe na hannu. Ana taro a yanke ƙyalle idan an kawo inji, amma ba a taro idan an canza masa matata, don haka kuɗin gyara shi ne na farko da ake taɓawa idan aljihu ya matse. Mai kula da injuna kuwa, wanda aikinsa ke riƙe da na kowa, sau da yawa ba a kiransa zaman da ake raba kuɗi. A nan ne kwamitin da ke wakiltar jama'a wajen tafiyar da asibiti yake da ta cewa. Ba sai ɗan kwamiti ya san lantarki ba. Ya ce da majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, «Ranka ya daɗe, a nuna mana littafin gurup.» Ya tambayi yaushe aka gwada shi da nauyi, man da ke ƙasa na awa nawa ne, shato yana riƙe kwana nawa, wa ake kira idan na farko bai ɗauka ba. Sannan ya dawo da dare ya yi wa ma'aikaciyar da ke gadin dare tambayoyin nan, don ita ce za ta tsaya a gaban gadon da ƙarfe ɗaya, ita ya kamata ta san inda makullin yake.