Ma'anar "afsaikilin": tsohon firam ɗin hoto ya ishe mu misali

Kalmar nan ta Turanci, upcycling, ta cika gari. Kowa ya shafa wa tsohuwar roba fenti sai ya ce ya yi afsaikilin, masu gabatar da shirye-shirye kuma su fassara ta da "sake sarrafa shara", su gwama ta da risaikilin (recycling). Ba ɗaya ba ne. A risaikilin niƙe abu ake yi ko a narka shi, siffarsa ta tafi, kuma sau da yawa abin da zai fito bai kai na farko ba. Ƙorafin injiniyan Jamus Reiner Pilz ke nan a 1994, da ya ga ana farfasa tubalan tsofaffin gine-gine maimakon a ƙara musu daraja. A afsaikilin abu yana nan da jikinsa, aikinsa ne ke ɗaukaka.

Ɗauki firam na gwanjo da za a mayar allon manna takardu da fil. A cire gilashin, a bar katakon baya, a goge firam ɗin da samfefa mai laushi kafin fenti, in ba haka ba fentin zai riƙa salewa. Sai kok da za a shimfiɗa a kan katakon bayan don soka fil, wato ɓawon wata bishiya da ake sassaƙa duk shekara 9, wanda kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa. A nan ake yawan faɗuwa. Tsinin fil ya kusa milimita 10, amma kok ɗin da ake sayarwa a nannaɗe sau tari milimita 2 ko 3 ne, fil ya huda ya ci karo da katako, takarda ta faɗo. A nemi mai milimita 6, ko a shimfiɗa kwali mai kauri a ƙarƙashi, bayan an auna zurfin kwarmin firam ɗin don kada bayan ya ƙi rufuwa. Wanda ya zo a nannaɗe a danne shi da littattafai ya kwana, a yanka da sabuwar reza a hankali, sau uku ko huɗu a layi ɗaya, domin dakusasshiya marmasa gefen take yi. Gam kuwa a baje shi ko'ina. In aka ɗiga a kusurwoyi kawai, tsakiyar za ta kumbura.

Abin dariyar shi ne, shi kansa kok ɗin risaikilin ne: ɓarɓashin da ya saura wajen yin marufan kwalabe aka niƙa aka haɗa da gam. Firam ɗin ne kaɗai aka yi wa afsaikilin. A ganina ma, allon da fil ba ya zama a jikinsa bai cancanci sunan ba, ko da an zuba masa ruwan zinare.

Wajen ratayewa a sa maƙalai biyu, hagu da dama. Da ɗaya, duk sanda aka danna fil sai allon ya karkace.