Rooibos

Rooibos wani ɗan itace ne da ake sarrafa ganyensa a dafa a sha a madadin shayi. Mahaifarsa tsaunukan Cederberg ne da ke lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, arewa da birnin Cape Town, kuma garin Clanwilliam ne cibiyar kasuwancinsa. Sunan daga harshen Afrikaans yake, ma'anarsa jan itace. Masana tsirrai suna kiransa Aspalathus linearis. Dangin wake da gyaɗa ne, babu abin da ya haɗa shi da ganyen shayin Sin da Indiya.

Ganyensa siriri ne kamar allura, furensa rawaya, saiwarsa kuma tana nutsewa can cikin yashi, shi ya sa yake jure rani a yankin da ruwa ke sauka lokacin sanyi. An gwada noma shi a wasu ƙasashe, bai yi albarka ba. Har yau duk rooibos ɗin da ake sha a duniya daga wannan yanki yake fitowa.

Sarrafawa

Ana yankan rassansa daga watan Janairu zuwa Maris, wato lokacin zafi a can. A daddatsa su ƙanana, a murje, a yayyafa ruwa, a tara a bar su su kwana. A wannan kwanan ne iska ke juya koren ganyen ya koma ja, ƙamshinsa da ɗan zaƙinsa su fito. Daga nan sai a baza a rana ya bushe. Wanda aka busar nan take ba tare da ya kwana ba shi ne koren rooibos.

Yadda ya shiga gurbin shayi

Mazauna yankin sun daɗe suna hawa tsaunuka suna yanko shi a daji, saboda shayin da jiragen ruwa ke kawowa ya fi ƙarfin talaka. A 1904 wani ɗan kasuwa da ya yi ƙaura daga Rasha, Benjamin Ginsberg, ya fara saye a hannunsu yana kaiwa kasuwa. Matsalar ita ce iri: ƙanana ne, kwanson yana fashewa ya watsar da su cikin yashi, kuma ɓawonsu na da tauri, ba sa tsira da sauƙi. A shekarun 1930 wani likita a Clanwilliam, Pieter le Fras Nortier, ya gano cewa idan aka kankare ɓawon, irin yana tsira. Wurin tara irin kuwa, mutanen karkara ne suka san cewa tururuwa na jan sa zuwa raminta, sai a bi sawunta a haƙo. Wannan ilimi nasu ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake an daɗe ba a ambatonsa a tarihin sana'ar.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse shigowar shayi daga Asiya, jama'a suka koma ga rooibos. A 1954 aka kafa hukumar da ke kula da farashinsa da ingancinsa, aka mayar da ita kamfani mai zaman kansa a 1993. Yanzu Japan da Jamus da Holan da Ingila na cikin manyan masu saye.

Abin da ya bambanta shi

Babu sinadarin kafin (caffeine) da ke cikin shayi da kofi a cikinsa ko kaɗan, don haka ba ya hana barci, kuma iyalai a Afirka ta Kudu suna ba yara. Sinadarin da ke sa shayi bauri ma kaɗan ne a ciki, ko ya daɗe a buta ba ya ɗaci. Ana shan sa da madara da sukari, ko da lemun tsami da zuma, ko a sanyaya. Yana ɗauke da wani sinadari mai suna aspalathin da masu bincike ke nazarin tasirinsa kan sukarin jini, amma yawancin gwajin a kan dabbobi aka yi. Masu talla kan zuzuta shi fiye da kima. Abin sha ne mai kyau, bai kamata mai ciwon suga ya ajiye maganinsa saboda shi ba.

Rigimar suna da haƙƙi

A 1994 aka yi wa sunan rajista a Amurka a matsayin mallakar kamfani, har aka riƙa hana masu shigo da shi amfani da sunan, sai a 2005 aka janye rajistar. A 2021 Tarayyar Turai ta ba shi kariyar asali, ya zama kayan abinci na farko daga Afirka da ya samu wannan matsayi: ba a kiran ganye rooibos a can sai wanda aka noma a yankinsa.

A 2019 aka sa hannu kan yarjejeniya da al'ummomin Khoi da San, 'yan asalin yankin, wadda ta amince cewa ilimin wannan tsiro nasu ne tun asali, ta kuma ware musu kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin da ake biyan manoma. Kason kaɗan ne, kuma ya zo a makare, bayan fiye da ƙarni ana cin riba. An biya kuɗin farko, sama da rand miliyan 12 na kuɗin Afirka ta Kudu, a 2022.